Barcin da Muhsin Ya Yi Ba Sauƙi Ba Ne

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu dagatai da masu unguwanni na Gwarzo da Kabo, malamanmu, masu shagunan kemis, da iyaye mata da kuka baro aikin gida kuka zo, barkanku da zuwa. Na gode da aka ba ni dama. Sunana Raliya, ma'aikaciyar jinya ce ni a ɗakin jarirai, kuma ku yi mini afuwa, yau ban zo da daɗin baki ba.

Zan fara da Zinnira, 'yar ƙanwata da ke aure a Kutama, da ɗanta Muhsin. Tun kafin suna idanunsa suka yi ɗorawa, shawara ta kama shi. Ubansa ya je kemis, aka miƙo masa fenobabiton, maganin farfaɗiya. Mai shagon ya ce, "Ka ba shi wannan, yana wanke hanta, ba sai kun sha wahalar asibiti ba."

Jama'a, abin takaicin, maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya. Maganin yana zaburar da hanta, ta ƙara sinadaran da take tace jini da su, ta fitar da abin da ke sa jiki rawaya. Amma sai ya ɗauki kwanaki kafin ya yi wannan aiki, shawarar jariri kuwa ba ta jira. Abin da yake yi nan take shi ne sa barci.

Muhsin ya yi ta barci, ya daina kuka, ya daina kama nono. Mata suna shigowa barka suna cewa, "Kai, Zinnira, kin dace da yaro mai haƙuri!" Ranar suna da na ɗauke shi, sai na ji ya sanƙare, yana banƙarewa baya. Muka garzaya asibiti, aka sa shi ƙarƙashin fitilar maganin shawara, aka sauya masa jini, amma cutar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yau sa'o'insa suna makaranta, shi kuwa ba ya ji, ba ya zama sai an tokare shi. Uwarsa takan tambaye ni, "Inna, da na tashe shi, da ya warke?" Shagon kuma yana nan a buɗe.

Na biyu, ko ga manya masu shan maganin, hantar da aka zaburar ba ta zaɓe. Takan cinye wasu magunguna kafin su yi amfani, har da na tazarar haihuwa da na tsinka jini. Mai farfaɗiya kada ya yanke maganinsa, amma ya gaya wa likita duk abin da yake sha.

Masu kemis, ku nake roƙo, ku nake kuma tuhuma. In an kawo muku jariri mai rawayan ido, ku nuna hanyar asibiti, kada ku nuna kwalba.

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu da lafiya, Ya ba Zinnira juriya, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.