Janar Ya Je Gidan Dankali

Man-ting: Halo? Yaya Hui-chuan, ina wuni? Kin ci abinci?

Hui-chuan: Na ci. Ya ruwan Keelung?

Man-ting: Yana ta zuba, kaya ba sa bushewa. Ya ƙafar Mama?

Hui-chuan: Da sauƙi, har ta je wurin ibada kunna turare da safe. Hirarki take ta yi, kamar ke kaɗai ta haifa. Ya gizo-gizona Janar? Asabar zan zo in ɗauke shi.

Man-ting: Me? Ina cikin jirgin ƙasa, ba na jin ki sosai.

Hui-chuan: Kin ji ni sarai. Na ce Janar! Kin haɗa shi da macen taki, Dankali, don su hayayyafa?

Man-ting: Na haɗa su. Yaya, da kin ga yadda yake buga ƙasa da ƙafafu a bakin raminta...

Hui-chuan: Ai dole. Shekara huɗu ina ba shi gyare da hannuna. Ni na fara zaɓa a wurin mai sayarwa, na ɗauki mai dogayen ƙafafu, mai sheƙi. Ke kika kwashi wata dunƙulalliya kamar dankali, har dariya na yi miki.

Man-ting: Ai na ce ki duba saɓarsa a ƙarƙashin fitila. Mace tana da ɗan aljihu a cikin fatar cikin, kika ce ke ba a koya miki.

Hui-chuan: Sai da ya yi saɓar ƙarshe, ƙugiya ta fito masa a ƙafafun gaba, na san namiji na saya. Nawa bai fi shekara ta rage masa ba, taki kuwa sai ta yi ashirin tana zaune tana ƙiba. Abin yana cin raina, Man-ting, ba zan ɓoye miki ba. Tun muna yara, abin da na raina shi ke yin albarka a hannunki.

Man-ting: Haba Yaya.

Hui-chuan: Bar haba. Sauran kwanakinsa a gidana zai yi su. Kin dai tsaya da buroshi kin raba su da suka gama, ko?

Man-ting: Na tsaya... sai mai kawo abinci ya danna ƙararrawa.

Hui-chuan: Sai me?

Man-ting: Ai na ƙosar da ita da kyankyasai kafin nan, na rantse!

Hui-chuan: Man-ting. Ina Janar?

Man-ting: Ƙafa biyu suka rage. Na adana miki a kwalba.

Hui-chuan: Wayyo! Ta fi shi rai, ta fi shi ƙiba, kuma ta cinye shi!

Man-ting: Ki yi haƙuri. In ta yi ƙwai, rabin 'ya'yan naki ne, haka ake yi. Ke ma za ki fara zaɓa.

Hui-chuan: A'a! Ke za ki fara.

Man-ting: Da gaske, Yaya?

Hui-chuan: Ki zaɓa a gabana, ki ware su gefe. Su zan kwashe.

Man-ting: Yaya, jirginmu zai shiga ramin dutse, layin zai...