Kaza da Cakulan

Wata biyu da rasuwar maigidana, ina tsaye a layi a wani kanti, na ji wata dattijuwa ta taɓa matar da ke gabanta.

"'Yar nan, duk wannan cakulan naki ne? Suna za a yi?"

"A'a, Mama. Mata ne za su zo gida ranar Asabar, tallan tukwane da faranti. Duk abin da za a ci na cakulan ne. Kek, shayi, har kaza."

"Kaza da cakulan? So kike su sayi tukunya ko su gudu?"

"Wallahi ni ma ban gane ba. Sana'ar yayata ce. Ita ta gayyaci mutanen, ta rubuta abin da za a dafa, sai ta rasu. Na kasa sokewa."

"Allah ya jiƙanta. To ki dafa abin da kika iya mana."

"Ai haka ta rubuta. Abin da ya ɗaure min kai, ita ko sukari ba ta sa wa shayi."

"To wa ke son cakulan a gidan?"

Matar ta daɗe tana kallon kwandonta.

"Ni ce, Mama. Tun muna yara take ba ni nata."