Fanka Mai Kamar Dodon Koɗi

A shagon fankoki, wata mai gasa burodi ta rungumi ƙatuwar fanka mai tsayawa. Wani tsohon kafinta da ke jiran layi ya dube ta.

"'Yata, jirgi za ki tayar?"

"Zafi zan kora, Baba. Fanka uku na sa a ɗakin gashi, amma jiya ƙanwata ta yanke jiki ta faɗi gaban tanda."

"Akwai taga?"

"Na toshe ta saboda ƙudaje."

"Kin kulle baƙo a ɗaki, kina ce masa ya tafi. Wannan juya zafin kawai za ta yi." Ya nuna wata mai kamar dodon koɗi. "Waccan kuwa ta tsakiyarta take zuƙo iska, ta tura ta cikin bututu har waje, ko da bututun ya lanƙwasa. Tagar kuma ki buɗe, ki sa mata raga, sabuwar iska ta shigo."

Tari ya sarƙe shi. Ta jira ya lafa.

"Duk sanin nan, Baba, taka shekararta nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Yau zan saya. Shekara talatin ina shaƙar garin katako. Autata ce ta ɓoye makullin shagona, ta ce sai ta ga bututu a bango."

"Ashe malamin ma koro shi aka yi makaranta."

Ta ajiye ƙatuwar, ta kira mai shago.

"Kawo dodon koɗi biyu. Fara ba Baba tasa, ya je ya karɓo makullinsa."