Jan Man Da Na Zuba Da Hannuna

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, tunda kowannenku ya ƙosa ya tafi birni. Ni da kuɗin citta na tafi. Kakarku ta sayar da cittar da ta shanya ta shekara guda, ta ƙulle a bakin zane, ta raka ni har tashar Kafanchan. Amma Elda Dauda ne ya buɗe mini ƙofa, tsohon ma'aikacin reluwe, dattijon majami'armu a nan Kagoro. Duk saurayin da ya samu aiki a waje, shi ke tsaya masa. Ya haɗa ni da wani mutumin Samaru Kataf da ya yi kuɗi a Fatakwal, yana neman direba. Ranar tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "Bitrus, sunana ka ɗauka. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

Na isa na tarar da jif ƙatuwa, babu kuloci. Wata guda ƙafata ta hagu tana lalube a ƙasa. Oga ya ce, "Otomatik ne, ɗan ƙauye." Shi kuwa da ke kira na ɗan ƙauye, na san gidan ubansa, har yau da ciyawa aka rufe rumbunsu. Ya ba ni ɗaki a bayan gida, wai shi "bikiu". Suna mai daɗi, amma in aka yi ruwa sai na tashi na riƙe katifa.

To, ni na yi makarantar mishan, ina karatu. A aljihun gaban motar akwai littafinta, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Duk sa'ad da Oga ya shanya ni a ƙofar ofis, shi nake karantawa. A nan na gane cewa giyar otomatik tana da man kanta, mai tsinkakken jiki, yawanci ja, kuma ko jan ma iri-iri ne. Kowace mota da lambar nata, a rubuce a littafi, wani lokaci har a jikin sandar awon man. Aksul na baya kuwa, inda ƙarfin mota ke rabuwa zuwa tayoyi, nasa mai kauri ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, domin can haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna. Ba a ba wannan abincin wancan.

Shekara biyu ina yi wa motar sabis da hannuna, Oga yana jin daɗi ba ya biyan makaniki. Ana saura kwana uku mu taho gida Kirsimeti, sai ga shi da wata jarka, babu suna, babu lamba. Wai abokinsa ne ya ba shi kyauta.

Ya ce, "Ka juye na giya da na baya, ka zuba wannan. Yunibasal ne."

"Oga, yuni-me?"

"Yana shiga ko'ina!"

Na buɗe na shinshina, na murza a yatsa. Na ce, "Oga, wannan ba na motar nan ba ne. Littafi ya ce..."

"Littafi! Kai da littafin wa ya sayi motan? Ba ja ba ne? Ja ai ja ne."

"Ko giya ta haƙura, aksul ba zai haƙura ba, yallaɓai."

"Kana koya mini mota? In ba za ka iya ba, in kira Elda yanzu in ce ya aiko mini da mai taurin kai."

Madam, matar Oga, tana tsaye a baranda tana ji. Kun san yadda aka rene mu: ka faɗa wa babba magana sau ɗaya, in ya ƙi, ka sunkuyar da kai, ta biyu rashin kunya ce. Ga sunan Elda da ya ambata. Sai na shiga ƙarƙashin mota na kwance noti, lafiyayyen mai ya zube a kwano ina kallo, na ɗura wannan jan ruwan gaba da baya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Muka kama hanya, da Oga da Madam da yaransu biyu. Muna wuce Makurɗi bayan motar ya fara kuka, wuuu, kamar injin niƙa. Oga ya ce in ƙara rediyo. A Akwanga giya ta fara fizga, in na taka mai inji ya yi ihu, mota ba ta ƙara sauri. Muna hawan tudun da ke gaban Gidan Waya, rana tsaka, wani abu ya ce ƙarau a baya, muka tsaya cak. Gida na hango duwatsunsa, amma mota ta ce nan ne iyakarta.

Aka kira wani makaniki na bakin hanya. Ya kwance notin aksul, abin da ya zubo baƙi ƙirin da garin ƙarfe a ciki. Ya ɗago kai ya ce, "Wane jaki ne ya zuba man giya a nan?"

Na jira Oga ya yi magana. Ya kuwa yi. Ya nuna ni da makullin mota ya ce, "Ga shi nan. Na kawo masa orijina, ya sayar, ya zuba mini jabu."

Na ce, "Oga, ka ji tsoron Allah! Madam, ba kina wurin ba?"

Madam ta juya tana gyaran ɗankwali. Oga fa, mutumin da ke tashi a coci yana ba da shaida, yana rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa! Ya wurgo mini jakata a kan kwalta, ya tare tasi suka wuce. Ni a bayan motar itace na shigo Kagoro.

Kafin in wanke ƙafa, Oga ya riga ni wurin Elda. Washegari na je da littafin motar a hannu, wanda na zaro kafin in baro ta, na ninke shafin, raina a ɓace, na shirya hujja tun daga farko har ƙarshe. Elda yana zaune a gindin mangwaro. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ya ce:

"Ban yarda ka yi sata ba. Na san wanda na aika. Wa ya zuba man?"

"Ni ne, Baba, amma shi ya..."

"Ka san ba daidai ba ne lokacin da kake zubawa?"

"Na sani."

"Da mace da yara biyu za su hau motar, ka sani, ka zuba. A reluwe, in babban ofisa ya ce ka saki jirgi kan layin da ka san ba shi da kyau, ka saki, kai ne mai laifi. To me ka zo gaya mini?"

Na rufe littafin. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa kuke ganin ina masifa a shagon man nan nawa, in mutum ya zo ya ce in ba shi "jan nan", in ce sai ya faɗi motarsa, in ya ƙi ya tafi gaba. Ku ce Baba Bitrus ya cika faɗa. Na yarda, faɗan da ban yi ba a Fatakwal ne nake ramawa.

Elda bai sake tsaya wa kowa ba har ya rasu. Ya ce ya tsufa, idonsa ya daina gane mutane. Samari huɗu ke jiran sa a shekarar, na farko a layi har ya ɗinka sabuwar riga ya sayi akwati. Ƙanena ne, babanku. Kullum kuna tambaya me ya sa mutum mai kai irin nasa bai taɓa fita Kagoro ba. Shi bai taɓa faɗa muku ba, don yana jin kunyata.