Taken Gidanmu a Wuyan Jitar Bunyaminu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa kuma shugaban wanga taro. Allah ya gafarta Malam Alƙali da Malam Liman. Dagatai da masu unguwanni. Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera. Hedimasta da malamansa. 'Yan uwa da sunka taso daga Kaoje, da Sharabi, da Illo. Baƙinmu da sunka tsallako daga Dahomi, waɗanda takarda ta ce baƙi ne, mu kuwa mun san gidajen kakanninsu. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa. Jama'ar Bagudo manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya nuna muna shekara goma da samun mulkin kai, ya kuma nuna muna ita bayan an ajiye bindiga. Ina godiya ga waɗanda sunka shirya wanga biki, da sunka ce Ɗanmusa Sarkin Makaɗa ya tashi ya yi magana. Shekara arba'in ke nan ina buɗe baki gaban jama'a, amma kullum da molo a cinyata, kullum kuma sunan wani nake kira. Yau ce rana ta farko da zan yi magana hannu sake, don haka in na yi tuntuɓe ku yi mani uzuri. Maganata uku ce, kuma dukkansu a kan mutum ɗaya: Bunyaminu ɗan Malam Attahiru na Sharabi, mai jita, wanda ke zaune can kusa da Sarkin Ruwa yana sunkuyar da kai kamar ba shi ake nufi ba.

Ta farko ita ce laifinsa, da hukuncin da na yanke mashi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan manomi ne, babu makaɗi ko ɗaya a danginsu, ta uwa ko ta uba. Shekarar da anka ɗaga tuta ya bi motar goro zuwa Kwatano, birnin Dahomi na bakin teku. Can ya yi dako a tashar jiragen ruwa, can ya koyi jita, can ya shiga ƙungiyar makaɗan otal, can kuma sunka sallame shi saboda ya ƙi kaɗa abin da kowa ke kaɗawa. Bayan shekara huɗu ya dawo muna da jita mai waya, da batirin mota, da lasifika wadda ya haɗa da hanjin tsohuwar rediyo. Jitar ma bai bar ta yadda Bature ya ƙera ta ba. Ya sa awartaki ya ciccire ƙarafunan da ke jere a wuyanta, wai suna hana yatsa zamewa yadda yake zamewa a wuyan molo.

Ya zo gaishe ni da goronsa, kamar yadda ya kamata. Na ce ya kaɗa in ji. Jama'a, abin da ya fito daga lasifikar nan, akuyoyin gidana sai da sunka tsinke igiya. Amma ba ƙarar ce ta ɓata mani rai ba. Kun san al'adarmu: kowane kiɗa da ubangidansa. Gangar noma ta manoma ce, kalangu na mahauta ne, maƙera da nasu, masunta da nasu. Sai na tambaye shi, na ce, "Yaro, kiɗan wa kake yi?" Ya ce, "Baba, na duk mai kunne ne." Na ce, "To sunan wa za ka kira?" Ya ce, "Ba ni kiran suna." Nan take na ce mashi, muddin ina riƙe da wagga sarauta, ba zai kaɗa a biki ba, ba zai kaɗa a suna ba, ba zai kaɗa a dandali ba, daga bakin kogin Kwara har Tsamiya ta bakin iyaka.

Bai yi mani gardama ba. Ya kwashe kayansa ya wuce Tsamiya, ya ƙara tafiyar rabin sa'a, ya kama ɗaki a wani ƙauye cikin Dahomi. Ashe dokata a nan ta tsaya, daidai inda ta Turawan Ingila ta tsaya. Damina yana Kwatano yana haɗa wa mawaƙa faifan garmaho, rani yana ƙauyen nan da rikodarsa, yana ɗaukar dakan mata, da kukan jirgin masunta a kan yashi, da bugun maƙera. Ya yanke tef da reza, ya manna wanga da wancan, wani ma ya juya shi baya ya koma gaba, sa'annan ya aza jitarsa a kai. Samarinmu kuwa duk ranar kasuwa sai su ce za su can ƙauyen sayen gishiri. Na san wasunku, ga ku nan zaune, kun dawo ba gishiri.

Magana ta biyu ita ce tawa, kuma ita ce mai nauyi, don ban taɓa faɗin ta gaban jama'a ba.

Shekara uku da sunka wuce hannuna na dama ya fara rawa. Na ɓoye. In an gayyace ni biki in ce ina da wani, in an matsa in ce mura. Uwargida Dela ce kaɗai ta sani, ita ma don ta ga fura na zubewa daga ludayi. A kaina kuwa akwai take arba'in da ɗaya, waɗanda na karɓa daga ubana, shi ma daga nasa: taken gidaje, taken sana'o'i, taken mutanen da ƙasa ta rufe tun kafin zuwan Bature. Ɗiyana maza biyu ne. Sambo ya tafi soja, Allah ya maido shi lafiya, yanzu sitiyari yake riƙe. Kanta malamin makaranta ne a Kamba, yana koyar da lissafi. Ina alfahari da su, amma babu wanda ya taɓa ɗaura tsirkiya a cikinsu. Na ji tsoro, jama'a. Ban ji tsoron mutuwa ba, don wannan tafiya ce ta kowa. Na ji tsoron ranar da za a ɗauke ni a ɗauke take arba'in da ɗaya tare da ni, a ce a hannun Ɗanmusa sunka ƙare.

Ana nan, wata rana ina wucewa gaban shagon tela a kasuwarmu ta nan, sai na ji garmaho yana kaɗa taken masunta, wanda kakana ya yi wa kakan Sarkin Ruwa. Jitar Bunyaminu ce ke kaɗa shi. Na tsaya. Na yi zaton satar ce za ta ƙona mani rai, sai na tarar wani abu ne daban: yaron ya yi kuskure. A tsakiyar taken akwai wurin da molo ke yin shiru na numfashi ɗaya, domin a daidai nan masu tuƙi ke ɗaga filafili daga ruwa. Shi kuwa ya zarce bai tsaya ba. Kuma faifai ne, an buga shi da yawa, ana jin sa har Faraku ta cikin Dahomi da kuskuren a ciki. Kwana uku abinci bai yi mani daɗi ba.

Dela ta ce in aika a kira shi. Na ce ina zan kira mutumin da na hana kiɗa, in ce zo ka kaɗa a zaurena? Ai na karya dokata da bakina ke nan. Sai na ga hanya ɗaya ce ta rage. Na naɗe molo a zane, na hau motar kasuwa zuwa Tsamiya, na taka sauran da ƙafa. Sarkin Makaɗa da kansa ya tafi sayen gishiri.

Na tarar da shi da hantsi, yana gyaran waya a ƙofar ɗaki. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo ruwa. Na ce, "Ba gaisuwa ta kawo ni ba, ka ɓata taken masunta. Zauna ka ga yadda ake yi." Na warware molo, na aza shi a cinya, na kai hannu. Hannun ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sau uku, a gaban mutumin da na kora. In da dariya ya yi, da ban ga laifinsa ba. Sai ya kau da kai yana ɗaure wayar jitarsa da ba ta kwance ba, can ya ce, "Baba, ni kunnena ya fi idona kamawa. Ka yi mani shi da baki, in bi ka da yatsu." Na yi da baki, ya bi. Da munka iso wurin shirun na ɗaga yatsa, ya tsaya, numfashi ɗaya cif, sa'annan ya ci gaba. Rabona da jin taken nan daidai tun ina da hannu. Hawaye sunka zo mani, kuma ban ɓoye su ba.

Rani biyu na yi ina zuwa, in kwana goma in dawo. Ni da baki, shi da yatsu, rikoda na juyawa. Kada ku zaci lafiya lau munka zauna. Sai ya kama take daidai, ina murna, sai ya murɗa wani abu jitar ta kama kuka kamar ana jan ƙofar kwano. In ce, "Kakana bai yi haka ba." Ya ce, "Baba, kakanka ba shi da batir." Daga ƙarshe munka yi sulhu. Faifai fuska biyu gare shi: fuska ɗaya yadda na karɓa, ba ƙari ba ragi, ɗaya fuskar yadda ransa ke so. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai wuri a fuskar tasa, inda ya saka dakan matan Sharabi ƙarƙashin taken manoma, da nake sa jikata Atika ta maimaita mani in babu baƙo a gida. Take arba'in mun gama su, suna cikin faifai, an kai wasu makarantar Hedimasta.

Magana ta uku gajera ce, kuma roƙo ce.

Da farko, ku shaida, na janye dokata. Daga yau Bunyaminu ya kaɗa a biki, ya kaɗa a suna, ya kaɗa a dandali, ya kira suna in ya so, ya bari in bai so ba. In anjima zai kaɗa a nan, masu akuya su ƙara igiya.

Na ce arba'in mun gama. Saura ɗaya. Shi ne taken gidanmu, kuma ba a kaɗa shi sai sau ɗaya a zamanin mutum: ranar da za a naɗa sabon Sarkin Makaɗa, bayan an yi sadakar bakwai ta tsohon, kuma wanda za a naɗa shi ke kaɗawa da hannunsa. Ni sau ɗaya na kaɗa shi, shekara talatin da biyu ke nan. Uba ke koya wa ɗa, ba a koya wa bare. Na kira Sambo, na kira Kanta, na gaya masu abin da ke raina, sunka ce sun yarda. Shekaranjiya na koya wa Bunyaminu shi. Na ce ya kashe rikoda, ya kashe, ya ciro batirin ya ajiye a gabana.

Ranka ya daɗe, naɗi naka ne, ba nawa ba. Na san ɗan manomi ne, na san ba a taɓa yi ba, na san akwai makaɗa a wanga fili da maganar ba za ta yi masu daɗi ba, kuma ina ba su haƙuri. Amma a duk faɗin ƙasarka, mutum biyu ne kaɗai ke riƙe da taken nan yau, ɗaya kuwa hannunsa ya riga shi tafiya. Ina roƙonka, in ranar ta zo, ka ba shi wuri ya zauna ya kaɗa. Ku kuma jama'a, ku zo da yawa, ku kasa kunne da kyau, ku ji mani ko ya kama shi daidai, domin ni ba zan ji ba.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara mashi adalci. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada ya sake nuna muna yaƙi. Allah ya ba manoma damina mai albarka, ya tsare masunta a kan ruwa, ya tsare matafiya a kan hanya. Allah ya jiƙan waɗanda sunka koya muna, ya yi albarka ga waɗanda munka koya wa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, na wanga gefe da na wancan.

Na gode.