Jariran da Suka Koma Kafin Suna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, ina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi.

Tun da aka ba mu jiharmu aka aiko mana da takardar rubuta mace-mace. Ka san al'adarmu, jaririn da ya rasu kafin suna sai a ce ya koma, a rufe shi, ba zaman makoki. Ni kuwa gida-gida nake bi tare da ungozomarmu, Inna Tumba, ina rubuta su duka.

Watan jiya aka tara mu a sakatariya, aka karanta cewa mutuwar yara a garinmu ta fi ta maƙwabtanmu nesa ba kusa ba. Aka tsayar da ni gaban jama'a ana tambayata aikin me nake yi. Da muka fito, na tambayi ma'aikacin garin maƙwabtan yadda yake tasa ƙidayar. Ya ce, "Wanda ba a raɗa ma suna ba, mi za ni rubutawa?"

Malam, rafi ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, amma da mudu biyu aka auna mu.

Yanzu mai gari ya ce na ɓata wa gari suna, Inna Tumba ma ta daina gaya mini komai. Wallahi na gaji.

Shekaranjiya wani ya koma, kwanansa huɗu a duniya. Ni na yanke masa cibiya. Takardar tana gabana. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in rubuta shi, ko in yi kamar bai zo ba?