Haddar Allon Gwajin Ido

A ɗakin jiran likitan matuƙan jirgin sama da ke birnin Bandung, Nenden, sabuwar matuƙiya, ta lura dattijon da ke gefenta yana motsa leɓe, idonsa a rufe.

"Addu'a kake yi, Baba?"

"Hadda nake, 'yata. Haruffan allon gwajin ido. Shekara goma ba su canza shi ba."

"Haba Baba! Irinku ne ke kashe mu. Kowa ya rufa wa kowa asiri, in jirgi ya faɗi a ce ƙaddara."

"Bi a hankali. Ina tuƙa jirgin yaƙi tun ba a haife ki ba. Da na tuɓe kaki, ni ake miƙa wa sabon jirgin da bai taɓa barin ƙasa ba in gwada shi."

"In ka ji fiffike na karkarwa fa?"

"In rubuta a katin da ke ɗaure a cinyata. Ko injiniya zai yi kuka, sai na rubuta."

"To, idon fa?"

Dattijon ya sassauta murya.

"Tashi ɗaya ya rage mini, jibi. Da hantsi gajimare kan kwanta a kan gonakin shayi kamar audugar da aka shanya. So nake in ƙara gani."

Nas ta leƙo. "Kyaftin Wiratmo."

Dattijon ya miƙe a hankali. "Sista, nemo wani allon. Wancan na haddace shi."

A bakin ƙofa ya waiwayi Nenden.

"In kin hau sama, ki duba mini gajimaren."